Yadda Ake Auna Sabuwar Fasaha Kafin a Miƙa Mata Ragama

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, kuma cikin kimanin watanni biyu aka ƙiyasta cewa masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ita ce cikakkiyar doka ta farko irinta, ba ta fara aiki ba sai a watan Agusta na 2024, kuma ko a lokacin an tsara ne a riƙa aiwatar da sassanta daki-daki a shekarun da za su biyo baya. Tsakanin waɗannan lokuta biyu ɗalibai sun rubuta ayyukan makaranta da taimakon manhajar, ma'aikata sun shirya rahotanni da ita, lauyoyi sun nemi hujjoji a wurinta, marasa lafiya sun tambaye ta magani, alhali a mafi yawan ƙasashe babu wata doka ta musamman da ta nuna wa kowa inda iyaka take. Kullum fasaha tana riga doka isa, saboda haka hukuncin farko yakan faɗo ne a kan mutumin da abin ya zo hannunsa.

A watan Nuwamba na 2021 ƙasashe 193 da ke cikin hukumar UNESCO suka amince da wasu shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka yi magana a kan mutuncin ɗan'adam da adalci da kiyaye sirri. Aiki ne mai kyau, sai dai shawara ce ga gwamnatoci, ba za ta zauna kusa da malami ko akawu ko uba ba a ranar da zai yanke shawarar abin da zai yi da sabuwar manhaja. Wannan jagora na irin waɗannan mutane ne, kuma ya ginu a kan abu guda: ana iya ɗora wa na'ura aiki, amma alhakin aikin yana nan a wuyan wanda ya ɗora mata.

Fara da tantance abin da kake miƙawa

Kafin ka tambayi ko wata fasaha mai kyau ce ko marar kyau, ka fara tambayar kanka wane irin aiki kake shirin ba ta, domin manhaja ɗaya tana iya zama alheri a wani aiki ta zama musiba a wani. Akwai aikin wahala zalla, kamar jera sunaye ko lissafa jimilla ko gyara rubutun da kai ka riga ka san abin da yake nufi. Akwai aikin da ke bukatar sanin gaskiyar wani abu, kamar faɗin abin da doka ta tanada ko adadin maganin da ya dace da yaro. Sannan akwai aikin yanke hukunci a kan mutum, kamar a ce wane ya cancanci aiki, wane ya yi zamba, wane za a ba rance. Na farko ana iya miƙa shi ba tare da wata fargaba ba. Na biyu ba a miƙa shi sai da bincike. Na uku kuwa shi ne mai nauyi, kuma zan daɗe a kansa a gaba.

Ma'auni mafi sauƙi da za ka riƙe shi ne ka tambayi abu biyu: idan na'urar ta yi kuskure, wa zai ɗauki asarar, kuma shin kuskuren yana gyaruwa? Idan kai kaɗai ne za ka yi asara kuma gobe za ka iya gyarawa, to ka gwada abin da kake so. Idan wani ne zai cutu, musamman wanda bai san ka yi amfani da na'urar ba, to ba ka da ikon yin sakaci da sunan sauri.

Game da aikin da ke bukatar sanin gaskiya, wajibi ne ka fahimci yadda manhajojin hira ke aiki. An horar da su ne a kan rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa domin su riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, shi ya sa suke iya kawo ƙarya da irin nutsuwar da suke kawo gaskiya, ba tare da wata alama a salon maganar ba. A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da babu su a duniya, waɗanda ChatGPT ta ƙirƙira har da sunaye da lambobi. Kotun ba ta hukunta su don sun yi amfani da manhajar ba, ta hukunta su ne don sun sa hannu a kan abin da ba su duba ba, kuma suka ci gaba da kare shi bayan an ja hankalinsu. Saboda haka duk suna da adadi da kwanan wata da ambaton littafi ko doka da manhaja ta ba ka, ka je ka gan shi da idonka a tushensa kafin ka miƙa wa wani. Kada ka tambayi manhajar ko abin da ta faɗa gaskiya ne, domin ɗaya daga cikin lauyoyin nan ya yi haka, ta kuma tabbatar masa cewa shari'o'in na gaske ne. Idan fannin da kake tambaya a kai ba ka da ilimin da za ka gane kuskure a cikinsa, to amsar da ka samu ba ta wuce abin da za ka kai wa masani ya duba ba.

Idan na'ura za ta yanke hukunci a kan mutane

A nan ne ɓarna mafi girma take aukuwa, kuma yawanci tana aukuwa ne a hannun mutanen kirki waɗanda suka gaskata kwamfuta fiye da mutumin da ke tsaye a gabansu. Daga shekarar 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar. Manhajar tana da kurakurai da ke nuna giɓin kuɗi a rassa alhali babu kuɗin da ya ɓata. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi. An ɗaure wasu, wasu sun talauce suna biyan kuɗin da ba su ci ba, aure ya mutu, mutunci ya zube, wasu ma sun kashe kansu. Da yawa daga cikinsu an gaya musu cewa su kaɗai ne ke da wannan matsala. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da kurakuran manhajar, kuma sai a 2024 majalisar dokoki ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen a dunƙule. Kuskuren manhaja abu ne da ke faruwa ko'ina, amma shekara da shekaru ana ƙaryata ɗaruruwan mutane domin a kare sunan manhaja, wannan zaɓin mutane ne.

Irin haka ta faru a ƙasar Holan, inda hukumar haraji ta zargi iyalai fiye da 20,000 da zamba a tallafin renon yara, ta tilasta musu mayar da kuɗi masu yawa, alhali tsarin da ke zaƙulo waɗanda ake zargi yana ɗaukar ƙasar asalin mutum a matsayin alamar haɗari. Abin kunyar ya kai gwamnatin ƙasar ga yin murabus a watan Janairu na 2021.

Dole ne a fahimci dalilin da ya sa na'ura take nuna bambanci alhali ba ta da zuciyar da za ta ƙi wani. Tana koyo ne daga bayanan baya, kuma bayanan baya suna ɗauke da son kan waɗanda suka tara su. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda an horar da ita ne a kan takardun shekara goma waɗanda mafi yawansu na maza ne. A wannan shekarar kuma masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajoji uku na kasuwa masu tantance fuska, suka samu cewa kuskurensu wajen gane jinsin maza masu hasken fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata masu duhun fata ya kai kusan kashi 35 cikin 100. Duk wanda ya kalli jimillar sakamakon irin wannan manhaja zai ce tana aiki da kyau, domin waɗanda take cuta sun ɓace a cikin jimillar.

Idan kai ne shugaban ofis ko makaranta ko asibiti ko wata ƙungiya, aka kawo maka tsarin da zai riƙa tace mutane ko ba su maki, akwai abubuwan da bai kamata ka sa hannu ba sai sun tabbata. Ka nemi sanin irin mutanen da aka gwada tsarin a kansu, kuma ka nemi a nuna maka sakamakon kowane rukuni daban, maza da mata, manya da yara, masu harshe kaza da masu harshe kaza, masu nakasa da marasa ita. Idan mai sayarwa ya ce wannan sirrin kamfani ne, to ya gaya maka ke nan cewa za ka riƙa yanke wa mutane hukuncin da kai kanka ba za ka iya bayyana dalilinsa ba. Ka gwada tsarin a kan tsofaffin fayilolin da ka riga ka san sakamakonsu, ka ga inda ya saɓa da hukuncin ma'aikatanka, sannan ka zauna ka binciki wa ya fi gaskiya a kowane saɓani. Ka ambaci mutum guda da sunansa wanda zai ɗauki alhakin kowane hukunci, domin duk inda aka ce alhakin na kowa ne, a ƙarshe ba a samun mai ɗauka. Ka buɗe hanyar koke wadda ba ta da tsada ko wahala, wadda a ƙarshenta mutum mai ikon sauya hukunci ne zai saurari mai koken. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a watan Mayu na 2018 ta ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi a rayuwarsa, kuma ina ganin wannan ƙa'ida ce da ya kamata kowace hukuma ta ɗora wa kanta ko da dokar ƙasarta ba ta tilasta mata ba.

Akwai wata dabara ƙarama da darasin Horizon ya koyar, wadda ba ta bukatar kuɗi ko kaɗan: a riƙa tara koke-koke wuri guda ana karanta su tare. Mutum ɗaya da ya ce kwamfuta ta yi masa ƙarya ana iya shakkar maganarsa, amma idan mutum ashirin da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, to kwamfutar ya kamata a fara bincika.

Sanya mutum a tsakiyar tsarin ba ya wadatarwa idan aikinsa danna amincewa ne kawai. Ma'aikacin da aka ba fayil ɗari a rana, wanda za a tuhume shi idan ya saɓa wa na'ura amma ba za a tuhume shi ba idan ya bi ta aka yi ɓarna, zai bi ta kullum. A ranar 26 ga Satumba, 1983, na'urorin gargaɗi na Tarayyar Sobiyat sun nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami, amma jami'in da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya auna lamarin ya ce ba a fara babban yaƙi da makamai ƙalilan haka, ya sanar da shugabanninsa cewa gargaɗin na ƙarya ne. Daga baya aka gano cewa hasken rana a kan gajimare ne ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Abin tambaya ga kowane shugaba shi ne ko ma'aikatansa suna da lokaci da ilimi da kariyar da za su iya faɗin irin wannan magana.

Bayanan wasu amana ne a hannunka

Mutane da yawa suna ɗaukar sirrin bayanai a matsayin lamarin kansu su kaɗai, har ka ji mutum ya ce shi ba shi da abin ɓoyewa. Wayar mutum kuwa cike take da rayuwar wasu: lambobinsu, hotunansu, saƙonnin da suka aiko masa cikin aminci, labarin rashin lafiyarsu da bashinsu. Badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara da ya samu bayanan masu amfani da Facebook, wadda ta fito fili a 2018, ta nuna yadda abin yake. Kimanin mutum 270,000 ne suka shiga wata manhajar tambayoyin gwajin hali a Facebook suka ba ta izini, amma ta wannan izinin aka kwashi bayanan mutanen da adadinsu zai iya kaiwa miliyan 87, domin manhajar tana ɗibar har da na abokan wanda ya shiga. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su danna komai ba, abokansu ne suka danna.

Saboda haka duk lokacin da manhaja ta nemi izinin shiga jerin lambobinka ko hotunanka ko makirufo ko wurin da kake, ka tambayi ko aikin da take yi yana bukatar hakan. Manhajar tocila ko ta lissafi ba ta da abin yi da lambobin abokanka. Ka riƙa shiga saitin wayarka lokaci-lokaci kana duba izinin da ka bayar, ka janye wanda ba shi da dalili, ka goge manhajar da ka daina amfani da ita. Ka yi hattara ƙwarai da manhajojin rance masu neman jerin lambobinka, domin an sha ganin irinsu suna tozarta mai bashi a wurin danginsa da abokan aikinsa.

Sabuwar ƙofar da ta buɗe a 'yan shekarun nan ita ce liƙa takardun wasu a manhajar hira domin ta taƙaita ko ta gyara su. Takardar mara lafiya, sakamakon ɗalibi, kwangilar abokin ciniki, wasiƙar da aboki ya aiko maka yana neman shawara, duk da zarar ka liƙa su sun bar hannunka sun tafi kwamfutocin wani kamfani. Ka cire sunaye da duk abin da zai nuna ko wane ne kafin ka liƙa, ka duba ko akwai saitin da zai hana a yi amfani da hirarka wajen horar da manhajar, idan kuma takardar ta wurin aiki ce ka nemi izinin wurin aikin. Hotunan yara su ma suna cikin wannan babi, domin yaro ba zai iya bayar da izini ba, kuma hoton da aka ɗora yau zai iya riskarsa yana babba.

Gaskiya a zamanin da gani bai kori ji ba

A 2018 masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka suka wallafa nazarin labarai kimanin 126,000 da suka yaɗu a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Sun samu cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin 100, kuma labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sun gano cewa mutane ne ke haddasa wannan bambanci, domin asusun bogi masu sarrafa kansu suna yaɗa gaskiya da ƙarya daidai wa daida. Ƙarya tana zuwa da sabon abu mai ban mamaki ko ban tsoro ko ban haushi, mu kuma muna gaggawar zama na farko da ya sanar. A Indiya jita-jitar satar yara da ta yaɗu a WhatsApp ta jawo kashe mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a ƙasar a 2018, ya faɗaɗa dokar zuwa duniya baki ɗaya a 2019.

Ƙa'idar da za ka ɗora wa kanka ita ce gwargwadon yadda saƙo ya tayar maka da hankali, gwargwadon jinkirin da za ka yi kafin ka tura shi. Ka nemi asalinsa, wa ya fara faɗa, yaushe, a ina. Ka duba ko wata kafar labarai da ka sani da gyara kuskurenta ta ɗauke shi. Idan hoto ne, ka saka shi a manhajar neman hoto kamar Google Lens ko TinEye, domin sau da yawa hoton gaske ne amma na wata ƙasa ko wata shekara. Rubuta cewa kai ma turo maka aka yi ba ya sauke maka nauyi, domin wanda ka tura wa ya karɓa ne saboda yarda da kai. Idan kuma ka riga ka tura sannan ka gano ƙarya ce, ka koma duk inda ka tura ka faɗi haka a fili.

Yanzu murya da bidiyo ma sun daina zama hujja su kaɗai. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong sun bayyana cewa wani ma'aikacin kamfani ya tura kimanin dala miliyan 25 ga 'yan damfara bayan taron bidiyo da ya ga shugaban sashen kuɗi na kamfaninsa da abokan aikinsa, alhali duk fuskokin da muryoyin na bogi ne. Kariyar ba ta bukatar wata na'ura. Duk kiran da ya haɗa neman kuɗi da gaggawa da cewa kada ka gaya wa kowa, ka katse shi, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka riga ka sani. Iyali ko ofis suna iya amincewa a kan wata tambaya da su kaɗai suka san amsarta. Ta ɗaya ɓangaren kuma, kada ka haɗa murya ko fuskar wani da abin da bai faɗa ba ko bai yi ba, ko da wasa, kuma idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a aikin da mai karɓa yake zaton na hannunka ne, kamar aikin makaranta ko rahoton da ake biyan ka don ƙwarewarka, ka gaya masa.

Waɗanda ba ka gani

Kowace fasaha tana da mutanen da suke biyan kuɗinta ba tare da sun amfana ba. Mujallar Time ta ruwaito a 2023 cewa ma'aikata a Kenya da ke karanta munanan rubuce-rubuce domin a koya wa manhajar hira ta guje musu ana biyan su ƙasa da dala 2 a awa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mutum ɗaya ba zai gyara waɗannan ba, amma yana iya gyara wayarsa maimakon sauya ta, ya kuma daina ɗaukar kalmar kyauta a kan manhaja da ma'anar babu mai biya. Manhajar da ke samun kuɗi ta hanyar talla ribarta tana cikin tsawon lokacin da ka ɓata a kanta, kuma an ƙera ta ne don ta riƙe ka. Wannan ya sa majalisar dokokin Ostireliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe asusu a manyan kafofin sada zumunta. Ko mutum ya yarda da irin wannan doka ko bai yarda ba, iyaye ba su da dalilin jiran majalisa kafin su kashe sanarwar da ba ta da amfani, su fitar da waya daga ɗakin barcin yara, su kuma fara da kansu.

Ka shiga ta yadda za ka iya fita

A 1980 wani masani ɗan Birtaniya, David Collingridge, ya bayyana matsalar da har yau ake kira da sunansa. Lokacin da fasaha take sabuwa sauya ta yana da sauƙi amma ba a san illarta ba, lokacin da illar ta bayyana kuma fasahar ta riga ta shiga ko'ina har sauya ta ya yi wuya. An fara sayar da fetur mai darma a Amurka a 1923, kuma tun kafin ƙarshen 1924 wasu ma'aikatan da ke haɗa sinadarin suka mutu, amma duniya ba ta rabu da shi a motoci ba sai a 2021, lokacin da Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta daina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An taɓa yin hakan kuwa: a 1975 masana kimiyyar halittu sun taru a Asilomar da ke jihar Kalifoniya bayan sun dakatar da wasu gwaje-gwajen haɗa ƙwayoyin gado da kansu, suka tsara ƙa'idojin tsaro kafin su ci gaba. Wanda ya ƙi irin wannan haƙuri shi ne masanin kimiyya He Jiankui na ƙasar Sin, wanda ya sanar a 2018 cewa ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun kafin a haife su, abin da ya jawo masa ɗaurin shekara uku, alhali yaran za su rayu da sakamakon gwajin da ba a tambaye su ba.

A aikace wannan yana nufin kada ka karɓi sabuwar fasaha gaba ɗaya a rana guda, ko a gida ko a wurin aiki. Ka fara da ƙaramin gwaji a inda kuskure ba zai yi ɓarna mai yawa ba, ka bar tsohuwar hanyar tana aiki a gefe, domin ranar da ka rushe ta ka rasa abin kwatantawa kuma ka rasa mafita. Ka tanadi hanya ga wanda ba zai iya amfani da sabon tsarin ba, tsoho ko makaho ko wanda ba ya karatu ko wanda ba shi da intanet, domin haƙƙinsa bai ragu ba don ya rasa waya. Ka kula da ƙwarewar da za ta mutu idan aka daina amfani da ita, musamman a wurin masu koyo, tunda wanda bai taɓa yin aikin da hannunsa ba ba zai gane kuskuren na'ura ba. Kafin gwajin ya fara, ka zauna da waɗanda abin zai shafa, har da masu adawa da shi, ku rubuta a takarda ranar da za a sake duba shi, da alamomin da idan aka gan su za a dakatar, da sunan wanda ke da ikon dakatarwar. A rubuta waɗannan tun kafin a kashe kuɗi, domin bayan an kashe kowa zai samu dalilin cewa a ci gaba.